Koyon Ɗaukar Hoto Da Wayar Hannu: Fita Uku Da Za Su Gyara Maka Hannu

Duk inda matasa suka zauna ana hirar hoto, tambayar da ta fi yawa ita ce, "Wace waya zan saya hotona ya riƙa fita fes?" Wani zai shiga adashe, wani har bashi zai ci ya sayi waya mai megafiksel 108, bayan mako guda ya ga hoton bai wuce na tsohuwar wayarsa da wani abin kirki ba. Kuɗi sun tafi, matsalar kuma tana nan.

Kafin ka sauya waya, ka ba wadda ke hannunka mako uku. A wannan darasi za mu fara da sanin abin da kyamara ke yi idan ka danna, sannan mu yi fita uku: ɗaya zuwa gona ko bayan gari, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta ɗaukar mutum. Kowace fita da abin da take koyarwa.

Me ke faruwa idan ka danna?

A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa. Shi ke karɓar haske ya mayar da shi lambobi. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, ƙarfinta megafiksel 0.01 ne kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Ta wayarka ta ninka wannan sau dubbai, amma har yanzu sensar waya ƙarama ce, a yawancin wayoyi ba ta wuce girman farce ba. Ƙaramin faranti kuwa haske kaɗan yake kamawa. Shi ya sa hoton rana ke fita tas, na dare kuma ya fito da yashi-yashi.

Abu uku ne ke tsara yawan hasken da ke cikin hoto:

1. Faɗin ƙofar haske. Shi ne lambar da ake rubutawa kamar f/1.8. A kusan dukkan wayoyi a kafe yake, ba ka iya sauya shi.

2. Saurin ƙyaftawa. Wato tsawon lokacin da sensa ke buɗe ido. Idan ka ga 1/500, kashi ɗaya ne cikin ɗari biyar na daƙiƙa. Ƙyaftawa mai sauri tana tsayar da abin da ke motsi cak, amma haske kaɗan ke shiga. Mai jinkiri, kamar 1/15, tana shigar da haske sosai, sai dai ko hannunka ne ya ɗan girgiza hoton zai yi dishi-dishi.

3. ISO. Ƙara wa siginar haske ƙarfi ne, kamar yadda ake ƙure muryar rediyo. Daga 100 zuwa 200 hasken hoto ya ninka. Idan ka kai 1600 ko 3200 za ka samu haske, tare da ƙarar shuuu ta rediyo, wato yashin nan da ke ɓata hoto.

Sauran aikin duk manhaja ce ke yi. Mu masu rubuta manhaja mun san cewa idan mai amfani bai faɗi abin da yake so ba, dole manhaja ta yi zato. Haka kyamarar wayarka take: tana zaton inda kake son fokas, tana zaton yawan haske, tana zaton launi. Galibi tana ƙoƙarin daidaita komai ya tsaya tsaka-tsaki, kada ya yi fari sosai ko baƙi sosai. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure. Koyon ɗaukar hoto da waya shi ne ka gane lokacin da zatonta ya kauce, ka gyara mata.

Maganar megafiksel kuma: waya mai 50 yawanci tana haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai 12.5. Mai 108 tana haɗa tara, ta ba ka 12. Hoto mai megafiksel 12 kuwa ya isa a wanke shi ya cika takarda A4 ba tare da ya fashe ba.

Saituna biyar kafin ka fita

Na farko, goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. Maiƙon yatsa da ƙurar aljihu su ne ke sa hoto ya yi kamar an ɗauka cikin hayaƙi.

Na biyu, kunna layukan jagora. A saitunan kyamara za ka ga an rubuta Grid ko Grid lines. Za su raba fuskar waya gida tara.

Na uku, bar girman hoto a 4:3. Shi ne ke amfani da sensa gaba ɗayanta a yawancin wayoyi. Zaɓin 16:9 ko Full yanke sama da ƙasa kawai yake yi, kuma kai ma za ka iya yankewa daga baya.

Na huɗu, kashe filtar gyaran fuska da fitilar kyamara.

Na biyar, koyi wannan motsi har ya zame maka jiki: taɓa abin da kake son ɗauka a fuskar waya, za ka ga alamar rana ko ɗan layi ya fito, ja shi sama ko ƙasa don ƙara ko rage haske. A wayoyi da yawa, idan ka danne wurin na ɗan lokaci, fokas da haske za su kulle. Idan manhajar wayarka ba ta da sashen Pro, gwada Open Camera, kyauta ce a Android, kodayake abin da za ta ba ka ya danganta da abin da wayar ta yarda a taɓa.

Fita ta farko: gona da bayan gari

An fara da nan ne saboda bishiya ba ta gajiya da tsayuwa, ba ta kuma ce maka "ka gama?" Abin da za ka koya shi ne haske.

Zaɓi bishiya guda, kuka ko giginya ko gawo. Ɗauke ta daga wuri ɗaya sau uku a rana ɗaya: da sassafe bayan fitowar rana, da tsakar rana, da kuma La'asar sakaliya. Jera hotunan ka duba. Na tsakar rana zai fito fayau, sama ta yi fari, inuwa ta taru a gindin bishiya. Na safe da na yamma za su nuna kaushin ɓawo da doguwar inuwa, launin kuma ya yi ja-ja mai daɗi, saboda hasken daga gefe yake zuwa. A ƙasarmu rana tana saurin tashi da saurin faɗuwa, don haka wannan haske mai kyau ba ya daɗewa. Ka isa wurin tun kafin lokacin.

Da rana ta kusa faɗuwa, tsaya yadda bishiyar za ta shiga tsakaninka da ita. Idan ka bar waya da zatonta, za ta yi ƙoƙarin haska bishiyar, sai launin sama ya ƙone. Taɓa sama, ja haske ƙasa. Bishiyar za ta koma baƙi ƙirin, sama ta yi jawur. Wannan shi ne karo na farko da ka ƙi bin zaton manhaja.

Daga nan koma kan ƙananan abubuwa: furen kuɓewa, raɓa a kan ganyen gero, malam-buɗe-littafi, ƙadangare a kan katanga. Durƙusa ka sauko daidai tsayin abin, kada ka ɗauke shi daga sama. Matsa har inda fokas zai ƙi kamawa, sannan ka ɗan ja baya. Ƙaramar kyamarar Macro mai megafiksel 2 da ake sa wa wayoyi masu araha sau da yawa ba ta kai babbar kyamara ba. Ɗauka da babbar ka yanke, ka kwatanta da idonka.

Tsuntsu kuwa, kamar balbela a bayan shanu ko shamuwa da farkon damina, kada ka ƙure zum. Idan wayarka ba ta da kyamarar nesa ta musamman, duk abin da ya wuce 2x buɗa hoto ne kawai, ba ƙarin bayani a ciki. Zauna shiru ka bar tsuntsun ya matso, ko ka ɗauke shi ƙarami tare da wurin da yake.

Lokutan shekara ma suna da nasu tasiri. Da damina, bayan an ɗauke ruwa, iska tana wankewa, ana hango nesa, kore ya fito sosai. Da hunturu hazo yana shafe nesa, amma yana tausasa hasken rana, har ka iya ɗaukarta kamar farin faifai gab da faɗuwa. Gawo bishiya ce mai kyau ta gwaji, domin da damina take zubar da ganye, da rani kuma ta yi kore.

Fita ta biyu: tafiya

A nan za ka koyi tsari, wato abin da za ka shigar cikin hoto da abin da za ka bari a waje. Ba sai ka yi doguwar tafiya ba. Garin kakanninka ko wata unguwa da ba ka saba zuwa ba ta isa.

Ɗauki misalin karofin Ƙofar Mata a Kano. Yawancin baƙi hoto ɗaya suke ɗauka daga tsaye, su tafi. Kai ka ɗauki uku. Na farko daga nesa, wanda zai nuna jerin rijiyoyin rini da mutanen da ke aiki. Na biyu daga tsakiya, marini ɗaya yana tsoma zane. Na uku kusa-kusa, hannun da shuni ya rina ko ɗigon ruwan baba yana zuba daga ƙyalle. Hotuna ukun nan idan an jera su sun ba da labari ko ba rubutu. Wannan dabara tana aiki a kasuwar ƙauye, a tashar mota, a bakin kogi.

Yi amfani da layukan jagora. Kada ka riƙa dasa komai a tsakiya. Sa babban abin a kan ɗaya daga cikin layukan tsaye biyu, ka sa inda ƙasa ta haɗu da sama a kan layin kwance na sama ko na ƙasa. Idan ka hau Dutsen Dala kana son nuna yawan gidajen birni, ba ƙasa kashi biyu, sama kashi ɗaya. Idan hadari ne ya haɗo, juya lissafin.

Babban abu yana buƙatar ma'auni. Dutsen Zuma, wanda ke jikin tsohuwar takardar naira 100, idan ka ɗauke shi shi kaɗai zai fito kamar ɗan tudu. Shigar da mutum, mota ko bishiya a gaba, nan take girmansa zai bayyana. Kuma kada ka ɗauka daga motar da ke gudu, a samu wuri mai aminci a tsaya.

Gine-gine masu tsawo, kamar hasumiyar Gobarau ta Katsina ko ta masallacin Agadas, idan ka tsaya a gindinsu ka ɗaga waya za su fito kamar za su faɗi baya. Ja baya, riƙe waya a miƙe, ka yanke ƙasan da ya yi yawa daga baya. Ginin ƙasa ya fi kyau da hasken gefe, domin shi ke fito da zanen bango.

Inda wani ɓangare ke cikin rana wani cikin inuwa, kamar lungun kasuwar Kurmi, bar HDR a kunne. Waya za ta ɗauki hotuna da yawa masu haske daban-daban cikin ƙiftawar ido ta haɗa su. Sashen Night ma haka yake aiki, sai dai yana ɗaukar daƙiƙu, don haka jingina wayar da bango ko benci. Idan kana ɗaukar mai shayi ko mai tsire a ƙarƙashin ƙwan lantarki ka ga layuka baƙi-baƙi suna ratsa hoton, nemi Anti-banding ko Flicker a saituna ka sa 50Hz, wanda shi ne bugun wutar lantarkin Najeriya da Nijar. A sashen Pro, 1/50 ko 1/100 ma yana magance shi.

Hawan Sallah jarrabawa ce ta saurin ƙyaftawa. Doki mai sukuwa yana buƙatar 1/1000 ko kusa da haka, kuma da rana akwai isasshen haske. Tsaya inda rana take bayanka ko gefenka, kulle fokas a inda dawakin za su bi, sannan ka yi amfani da ɗauka a jere, wadda a wasu wayoyi danne maɓalli ake yi, a wasu kuma jan sa. Cikin ashirin ka zaɓi ɗaya.

Abubuwan kiyayewa a tafiya: kada ka ɗauki barikin soja, shingen jami'an tsaro ko wurin da aka rubuta an hana. A cikin cunkoso sa wa waya igiyar hannu saboda masu ƙwace. Da bazara kada ka bar ta cikin rana, zafi yana sa kyamara ta rufe kanta. Tafi da fawa bank.

Fita ta uku: hoton mutum

Wannan ta fi wuya, domin ta haɗa haske da tsari da kuma mu'amala. Fara da wanda ya saba da kai, ƙaninka ko abokinka.

Wuri tukuna. Rana tsaka tana sa mutum ya runtse ido, ta zuba inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, hula kuma ta rufe goshi. Kai shi inuwa mai faɗi, kamar bakin zaure ko gefen taga, ya fuskanci inda haske ke shigowa ko ya ɗan karkata. Idan ka ga ɗan ƙyalli a ƙwayar idonsa, ka samu wurin. Guji ƙarƙashin darbejiya da rana, hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Idan gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu, wani ya riƙe farin kwali ko farin zanen gado a wannan gefen ya mayar da haske.

Sai nisa. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce. Idan ka kawo ta dab da fuska, hanci zai ƙara girma, kunnuwa su ja baya. Dalilin da ya sa hoton ɗauki-kanka ke sauya wa mutum kama ke nan. Ja baya kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, sa 2x, ka riƙe waya daidai tsayin idonsa. Yaro kuma durƙusa masa za ka yi.

Ga matsalar da ta fi shafar mu: baƙar fata cikin farar shadda. Idan kyamara ta auna haske da rigar, fuska za ta nutse cikin duhu. Idan ta auna da fuskar, riga ta ƙone, aikin wuya ya ɓace. Kamfanoni sun san da wannan. Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya yi suna a Afirka wajen saita kyamara don baƙar fata, Google ma ya fito da Real Tone a Pixel 6 a 2021. Duk da haka maganin yana hannunka: shigar da mutumin inuwa don tazarar hasken riga da na fuska ta ragu, taɓa fuskar, sannan ka ɗan rage haske har zaren aikin riga ya dawo. Filtar da ke mayar da mutum fari tana goge masa kamanni. Hoton kakarka da jikokinta za su nema nan da shekara talatin shi ne wanda ya nuna ta yadda take, da tsagarta da komai.

Sashen Portrait, wanda ya yaɗu tun daga iPhone 7 Plus a 2016, manhaja ce ke zaton inda mutum ya ƙare da inda baya ya fara, sai ta dusashe bayan. Takan yi kuskure a gefen mayafi, ɗaurin ɗankwali da ƙarfen tabarau. Buɗa hoton ka duba gefuna kafin mutumin ya tafi, ka kuma ɗauki wani ba tare da sashen ba. Idan ka matsar da mutum taku uku ko huɗu daga bango, bayan zai ɗan dusashe da kansa. Duba bayan kansa ma, kada turken lantarki ya fito kamar daga hularsa ya tsiro.

Kada ka ce "yi murmushi". Ja shi da hira, tambaye shi abin da yake jin daɗin faɗa, ka riƙa ɗauka yana magana. Dattijo ya fi sakewa idan yana riƙe da abin sana'arsa.

Izini wajibi ne. Gaisa, faɗi abin da za ka yi da hoton, nuna masa bayan ka ɗauka, idan ya ce a goge ka goge. Izinin ɗauka daban, izinin ɗorawa a Facebook ko TikTok daban. Hoton mace ko na yaro da ya fita ba ya dawowa, kuma yana iya jawo rigimar da ta fi ƙarfinka. Mabarata da almajirai ma mutane ne masu mutunci, ba kayan neman mabiya ba.

Bayan ka dawo gida

Kowane hoto yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF. Buɗe hoton ka shiga Details ko Info, za ka ga ISO da saurin ƙyaftawa da lokaci. Idan hoto ya lalace, nan za ka fara dubawa, kamar yadda mai manhaja ke karanta rahoton kuskure. Ka ga 1/15? Girgizar hannu ce. Ka ga ISO 3200? Haske ne bai isa ba. Gobe ka sauya abu ɗaya tak ka sake gwadawa. Idan ka sauya uku a lokaci guda ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

A cikin bayanan nan har da wurin da aka ɗauki hoton, idan Location a kunne yake. Tura hoto a WhatsApp a matsayin Document yana kiyaye ingancinsa, amma yana tafiya da waɗannan bayanai. Idan a gidanku ka ɗauka kuma baƙo za ka tura wa, cire wurin tukuna.

Wajen gyara, Snapseed ko Lightroom sun wadatar. Bi wannan jeri: miƙar da hoton idan ya karkace, yanke abin da bai da amfani, rage Highlights, ɗan ƙara Shadows, ka taɓa launi a ƙarshe kuma kaɗan. Idan ganye ya koma kamar na roba, ka wuce gona da iri.

Sannan ajiya. Waya tana faɗuwa, ana sace ta, tana mutuwa ba sallama. Google yana ba da 15GB kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi, don haka zaɓaɓɓun hotuna za ka ɗora. Ajiye kwafi na biyu a kwamfuta ko filashi.

Aikin gida

Mako na farko: bishiya ɗaya a lokuta uku, da ƙananan abubuwa biyar. Mako na biyu: wuri ɗaya, hoton nesa da na tsakiya da na kusa. Mako na uku: mutum ɗaya a bakin zaure, a gefen taga, da kuma waje da yamma. A ƙarshen kowane mako zaɓi hotuna uku kacal, ka rubuta dalilin zaɓen kowanne a layi ɗaya.

Idan ka kammala, za ka san takamaiman inda wayarka ta gaza, ko hoton dare ne, ko na nesa, ko rashin sashen Pro. A lokacin idan za ka sayi sabuwa ka san abin da kake biya wa kuɗi. A darasi na gaba za mu shiga sashen Pro dalla-dalla, tare da bayanin hoton RAW da lokacin da ya cancanci cin wurin da yake ci a waya. Sai mun haɗu.